Saƙon Yaya Isuhu da Bai Gama Isowa Ba

Shekara bakwai ke nan da aka kai yayana Isuhu makwancinsa a nan Dakoro. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin akwai wata magana da na riƙe wadda mahaifiyarmu ba ta ji ba, kuma ba na son ta fara jin ta a bakin masu karanta jarida. Makon jiya na gaya mata. Yanzu hannuna ya saku.

Wanda bai san Isuhu ba, mutum ne dogo, mara son hayaniya, mai shan shayi ba sukari don kawai ya ba mutane haushi. Shi ya rubuta manhajar da wata ƙungiyar makiyaya ke aiki da ita har yau. Wakilan ƙungiyar da ke rijiyoyi da ƙauyuka, daga Kornaka har arewacin Bader Goula, suna aiko rahoto ta portabul, wato wayar hannu: wace rijiya, wace dabba, wace cuta aka gani. Buro kuma, wato ofishin ƙungiyar, yana mayar musu da amsa ta kan layin nan guda, ya ce ga ranar da likitan dabbobi zai zo, ko a ware garke kaza. Kowane ɓangare yana iya magana duk lokacin da ya so. Ni ƙanwarsa ce, na gama lakkwal, makarantar boko ke nan, ina zaman gida, ya ja ni buro ya zaunar da ni gaban ordinater, wato kwamfuta, ya ce tunda bakina ba ya gajiya, bari mu ga ko yatsuna za su yi koyi da shi.

Abin da ya fara koya mini, wanda na yi watsi da shi, shi ne cewa layi bai san saƙo ba. Haruffa kawai yake turowa, yadda tiyo ke turo ruwa ba ruwansa da inda bokiti ɗaya ya ƙare wani ya soma. Saƙo guda yana iya isowa kashi uku. Biyu suna iya isowa a manne, wutsiyar wannan a bakin wancan. Don haka Isuhu yakan sa wa kowane saƙo abin da ya kira goshi, 'yan haruffa a gaba da ke faɗin irin saƙon da tsawonsa. Mai karɓa zai zuba duk abin da ya iso a ma'ajiya, shi yana ce mata ƙwarya. Ya duba goshi, ya ƙirga. Idan bai cika ba, ya koma ya jira. Idan ya cika, ya yanki daidai tsawon da aka faɗa, ragowar ya bar ta a ƙwarya domin ita ce farkon na gaba. Idan kuwa goshi ya zo da tsawon da hankali ba zai ɗauka ba, a katse layin a sake ƙullawa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na ji duk wannan, na ce to. Da ya ba ni aikin gyara ɓangaren karɓa kafin wata tafiya da ya yi Maradi, sai na ga zancen ƙwarya ɓata lokaci ne. Na gwada a buro sau fiye da ashirin, kowane saƙo yana isowa ɗungurungum. Na cire jiran, na sa manhaja ta ɗauki duk abin da ya faɗo a matsayin cikakken rahoto, inda ya gaza ta cike da abin da ya biyo baya. Har ina yabon kaina wai na rage masa layi talatin na rubutun manhaja. Abin da ban lissafa ba, rezo, wato ƙarfin layin waya, na cikin gari daban, na daji daban.

Ana saura kwanaki Sallar layya, wakilin Bader Goula ya aiko rahoto biyu a jere. Na farko na wata rijiya ce inda komai lafiya. Na biyu na wata rijiyar ce can gaba, inda tumaki ke zawo suna mutuwa. Rezo ya kakkarya su a hanya, manhajata ta ɗauki sunan rijiyar farko ta liƙa masa cutar ta biyu. Buro ya mayar da amsa cewa a tsare garken da ke rijiyar farko, kada ya shigo kasuwa. Garken na wani dattijo ne, Hamma Sale, wanda ya shekara yana kiwon raguna domin wannan kasuwar guda. Kafin likita ya je ya ga dabbobi garau, kasuwa ta ci ta watse. Can rijiya ta biyu kuwa an yi kwana uku ba wanda ya leƙa.

Isuhu bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce in hau bayan moto, babur ɗinsa. Muka yi ta kutsa rairayi har rugar Hamma Sale, ya tsayar da ni gaban dattijon ya ce in faɗi abin da na yi da bakina. Na faɗa. Hamma Sale ya sa aka kawo mana nono, ya bari sai da na kai aya, sannan ya ce, "Ɗiyata, mu nan in ɗan aike ya zo, ko gobara ya zo faɗi, sai ya zauna ya sha ruwa ya dire maganarshi kahin a ɗora ma raƙumi sirdi. Wanda ya tashi da rabin magana, shi ka ɓata a daji." Bai ƙara ko kalma ba a kan ragunan. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A hanyar komawa Isuhu ya ce, "Kin ji dai. Abin da na rubuta cikin layi talatin, shi ya faɗe shi a numfashi ɗaya." Washegari na mayar da ƙwarya inda take.

Yau abubuwa sun canja. Rezo ya kai wuraren da a da sai an hau tudu a ɗaga portabul sama kamar mai roƙon ruwa. Matasan da ke zuwa koyon aiki wurina ba sa rubuta wannan ɓangaren da hannunsu, akwai shiryayyen da ake ɗaukowa, kuma yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Sai dai idan na tambaye su me ke faruwa idan saƙo ya iso rabi, kallona suke yi kamar na tambaye su sunan kakan raƙumi. Ina jin da Isuhu na nan da ya yi murna da rezon, domin ya sha wahalar rashinsa. Abin da zai dame shi, mutane ne. Yanzu kowa na yawo da guntun murya da guntun bidiyo a aljihu, an yanke kai an yanke ƙafa, a tura wa dangi, kafin la'asar an yanke wa mutum hukunci. Da sai ya kurɓi shayinsa mai ɗaci ya tambaya, wa ya ga goshin wannan magana?

To, ga abin da na riƙe.

Ranar da ya rasu, yana can arewacin Bader Goula yana gyara wa wani wakili portabul. Da rana tsaka ya kamo hanya da niyyar yada zango a wani ƙauye, moto ta ƙwace masa a gangaren wani tudu. Kafin a kawo shi gari rai ya yi halinsa. Bayan sadakar bakwai na koma buro, ina duba inda manhaja ke zubar da saƙonnin da suka mutu a hanya, sai na ga guda daga portabul ɗinsa, na ranar. Goshin ya ce haruffa ɗari da sittin. Tamanin da takwas suka iso, layi ya katse. Manhaja ta jira, ba ta nuna wa kowa ba, kamar yadda ya koya mata. Da portabul ɗin ta sake samun rezo da ta sake turowa, amma ta farfashe tare da moton. Ga abin da ya iso:

"Rakiya, gobe zan iso in sha Allah. Kahin nan ki ce ma Inna, batun gonar Mai Yara, kada a"

Nan ya tsaya. Gonar Mai Yara ita ce ta mahaifinmu, inda muka yi wayo muna koran tsuntsaye a hatsi. Lokacin Baffa, ƙanin mahaifinmu, yana ta matsa a sayar, tunda ba mai nomanta a cikinmu. Isuhu ne babba, maganarsa ake jira, kuma bai taɓa faɗin inda ya karkata ba. Ni kuwa ba na so a sayar, ko kaɗan. Da na kai wa Inna wannan guntun, wallahi ba mai sake ɗaga zancen. Kowa zai ce kada a sayar yake nufi, wasiyyar mamaci ce, Baffa ma sai ya yi shiru.

Na kwana uku ina juya abin. Haruffa saba'in da biyu ne ba su iso ba, kuma cikin saba'in da biyu ana iya faɗin abubuwa da yawa. Kada a sayar. Kada a sayar wa wane. Kada a ja wa Baffa rai. Kada a yanke komai sai na zo. Na san wanda nake so ya zama, kuma sanin nan ne ya tsorata ni, domin na taɓa cike rabin saƙo da abin da ya zo hannu, na ga inda ya kai wani bawan Allah da ragunansa. Wancan karon kuskure ne. Wannan da na yi, da gangan ne zan sa wa Isuhu magana a baki, ranar da ba ya iya cewa ba haka na ce ba.

Ban gaya wa kowa ba. Bayan damina aka sayar da gonar. Na yi kuka ranar, na ji haushin Baffa, na ji haushin kaina, har Isuhu na ji haushinsa da bai fara da abin da ya fi muhimmanci ba, ya tsaya gaya mini gobe zai iso. Ba zan ce muku na tabbata daidai na yi ba. Duk lokacin da mota ta bi da ni ta Mai Yara na hango gawon da ke bakin gonar, sai tambayar ta dawo sabuwa.

Mutane kan ce abin da ya bari shi ne manhajar, kuma gaskiya ne tana nan. An sake mata fuska sau biyu, amma layukan nan talatin ban bari kowa ya taɓa ba. Duk 'yan daƙiƙu buro na tambayar kowace portabul, kina nan? Ita kuma ta amsa, ina nan. Shi ya rubuta wannan ma. Amma manhaja aba ce mai tsufa, wata rana za a ajiye ta. Abin da na ga ya zauna shi ne halin da ya dasa mini, ni da aka sani da katse mutane: in bar mai magana ya dire, kuma in ban ji ƙarshe ba in ce ban ji ba. Halin ya ci mini gona, ban kuwa iya yar da shi ba.

Makon jiya, bayan la'asar, na sami Inna tana tsince wake a tsakar gida. Idonta ya yi rauni yanzu, da yatsu take aikin. Na zauna na gaya mata komai, tun daga goshi da ƙwarya har ranar da aka sayar da gona. Na shirya ta yi fushi, domin tana da hakki. Ta ce in karanta mata. Na karanta har inda ya tsaya. Ta ce in sake, na sake.

"Nan ya ƙare?"

Na ce nan ya katse, Inna, akwai saura, bai iso ba.

Ta mayar da hannunta cikin faifai. Sannan ta ce, "Da kin kawo mani shi lokacin, da na cika shi da abin da raina ke so, in yi ta rantsuwa ɗana ya faɗa." Ta ture tsakuwa guda gefe. "Aje shi yadda yake, Rakiya, kar ki ƙara mashi ko wasali. In mun je can, ya ƙarasa mana da bakinshi."