Baba Sa-Riga

Kafin a fara kiransa Baba Sa-Riga, aikinsa tsamo gawa ne. Shekara ashirin da huɗu, duk ranar da jirgi ya kife a kogin, shi ake nema. Ya tuɓe, ya nutsa, ya yi ta laluben laka har hannunsa ya taɓa ƙafa ko gashin kai. A haka kunnensa na hagu ya mutu. Da ƙirjinsa ya fara gazawa, sai ya roƙi ƙungiyar matuƙa su ba shi makullin ɗakin ajiya, inda rigunan ceto sittin da wasu baƙi suka kawo suke jibge, ɓeraye na haihuwa a ciki.

Ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗinke igiyoyin da zaren taru, ya rataye su a rumfar bakin gaɓa, ya kafa kujerarsa a mashiga. Ba mai taka jirgi sai ya sa.

Fasinjoji suka tsane shi. Mata su ce rigar wari take, 'yan kasuwa su ce zafi, samari su ce sun iya iyo tun ba su san wando ba.

"Masu iyon na fi tsamowa," yake ce musu. "Sa riga."

Wata ranar kasuwa shugaban matuƙa ya tsaya a kansa.

"Baba, kana ɓata mana lokaci. Na ƙetare sun yi sawu biyu, mu muna nan muna ƙulla igiya. Kuma me ya sa kullum sai ka ambaci mutuwa mutane za su shiga ruwa?"

"Ranka ya daɗe, abin da na gani nake faɗa."

"Kawo makullin."

Ya miƙa. Aka mayar da rigunan ɗaki, aka datse.

Bayan mako bakwai, da hantsi, jirgi maƙare da mutane da buhunan albasa ya daki kututture a tsakiyar ruwa. Matasan da suka shiga nema suka fito hannu wayam, dole aka je aka ɗauko Baba. Ya shiga da wannan ƙirjin nasa, ya fito da gawar mutum tara. Ta bakwai ƙanwarsa ce, autarsu. Tun a ƙasan ruwa ya gane ta, da ya kama hannu ya ji ɗan yatsan da ƙofa ta datse mata suna yara.

A wurin zaman makoki ya miƙa wa mijinta hannu, mijin ya ƙi karɓa.

"Yaya, bakinka ne. Kullum nutsewa, kullum nutsewa. Ga shi ka jawo mana."

Shugaban matuƙa na zaune a gefen tabarma, ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Manya suka zo daga birni, aka buɗe ɗakin, kowa ya sa riga aka ɗauki hoto. Aikin rabon aka ba ɗan wan shugaban, har da usur. Mako biyu fasinjoji suna sawa, daga nan suka koma shimfiɗa su suna zama a kai.

Yanzu Baba gyaran taru yake yi a ƙofar gidansa, yana tari. Mai shirin ƙetarewa gwamma ya zaga ta bayan layi da ya bari Baba ya yi masa a sauka lafiya. 'Ya'yan marigayiyar ma uban ya hana su zuwa gaishe shi. Jiya babbarsu ta wuce da tulu a ka, ta rage tafiya kamar za ta tsaya, sai ta waiga, ta ƙara sauri.