Hayaƙin Kufai a Hoton Malam Isiyaku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo mini daga Ƙanƙara: Malam Isiyaku ya rasu.

Har yanzu shayina na kan tebur, ya huce.

Shi ya koya mini karanta ƙasa daga sama. Lokacin da kuɗin mai ya shigo, ana ta zana sababbin hanyoyi, muna ɗalibai, jirgi ya ɗauko hotuna, mu huda katunan kwamfuta. Idan na ɓata kati sai ya yi dariya ya miƙo mini gyaɗa daga aljihu.

Dokarsa ɗaya ce: "Kada ka sa wuri a taswira sai ƙafarka ta taka shi."

Cikin hotunan da jirgin ya ɗauko akwai wani na dajin tsakanin Faskari da Sabuwa. A ciki, bukkoki bakwai, hayaƙi na tashi siriri. Malam ya ce ƙauyen mahaifiyarsa ne, can aka binne ta, kuma an watse tun yana goye. Burinsa ya sa shi a taswira, kada wata rana katafila ta bi ta kan kabarin.

Sau uku muka shiga dajin da kamfas mai nuna alƙibla. Ba bukka, ba toka.

Wani tsoho a Tafoki ya dubi hoton ya ture shi. "Ku tahi gida. Wurin ga ba ya karɓar baƙo sai wanda aka kira."

Malam bai karya dokarsa ba. Ya bar gurbin fari a taswira, kuma abin ya ci masa rai har tsufa.

Watan jiya na kai masa ziyara da laftof. Ya ce in buɗe hoton satalayit. Na buɗe. Daji ne kawai, sai wani farin zare a daidai wurin.

Na ce, "Malam, gajimare ne."

Ya yi murmushi. "Kai dai ba ka canza ba. Sun ɗora tukunya, baƙo suke jira."

Wallahi da na ji rasuwarsa yau, maganar nan ce ta fara faɗo mini. Ni ba mai camfi ba ne, kuma na san hoton satalayit ɗin an daɗe da ɗaukarsa, ba ya sauyawa a kwana. Amma tun safe na kasa buɗe shi.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da rahamarsa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, shi da mahaifiyar da ya yi ta nema.