Ledar da Munzali Bai Ɓare Ba

Idan ka ji babur yana tafe a hanyar Sandamu zuwa Daura yana ƙara kacau-kacau kamar an saki buhun leda a iska, kada ka wahalar da kanka da tambaya, Munzali mai gyaran rediyo ne. Shekara tara ke nan da ya sayo babur ɗin a kasuwar Mai'adua, amma har yau ledar kamfani tana kan kujera, tana kan tanki, tana kan fitila. Ta yage, ya liƙe ta da salatif. Salatif ya tsufa, ya lulluɓe shi da wata ledar. Mu taubasansa mun daɗe muna cewa da a cikin leda aka kai masa matarsa Zaituna, da har yau bai san kalar fuskarta ba.

A Sandamu aka haife shi. Ya yi boko zuwa aji biyu na sakandare, sai ya ce Turanci yana sa masa jiri, ya koma gindin mai gyaran rediyo. Hannu kam, Allah ya ba shi. Rediyon da aka riga aka yi wa sadakar bakwai, in ya taɓa ta sai ta tashi tana tari. Daga rediyo ya kai ga fanka, daga fanka ya kai ga waya. Aƙidarsa ɗaya ce a duniya: sabon abu ba a tuɓe shi. Yakan ce, "Wanda ya sa masa leda ya fi ka sanin abin da yake yi."

Kayan gyaransa kaf a shagon Callistus yake saye a cikin Daura. Callistus mutumin kudu ne, ɗan ƙabilar Ibo, ya zo garin da akwati ɗaya, Hausa ta kama bakinsa har yana gyara wa 'yan gari karin magana. Shekara ashirin suna tare. Da azumi Callistus ba ya ko shan ruwa a gaban Munzali, da babbar Sallah kuwa cinyar rago tana zuwa masa daga Sandamu. Abin da yake tinƙaho da shi a kasuwa guda ne: ba a taɓa cewa ya sayar wa wani da jabu ba.

Bara ne kwamfutar Murjanatu ta mutu. Murjanatu ƙanwar Munzali ce, tana da shagon buga takardu a Sandamu. Aka duba aka ce madabod ne ya ƙone, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfuta suke zaune a kansa. Callistus ya samo sabo fil, haɗe da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ƙarfen da ke sanyaya ta, mai fanka a bisa.

"Malam Munzali, kawo akwatin kwamfutar in ɗaura maka, ba zai kai awa ba."

"Haba Oga! Ni da na ta da rediyon da ta sha ruwan damina biyu?"

Callistus ya yi dariya, ya shiga jero masa ƙa'idoji. Ya zare wuta kafin komai. Ya taɓa ƙarfen akwatin kafin ya taɓa allon, saboda 'yar wutar da ke jikin mutum tana iya kashe shi. Kada allon ya kwanta a kan ƙarfe, sai a kan 'yan ginshiƙan tagulla. Kada ya matse noti kamar na tayar babur. Man da ake ɗiga wa furosesa kada ya wuce ƙwayar wake. "Kuma duk abin da aka ce a cire, ka cire." Munzali yana ta "to, to", hankalinsa yana kan yadda kwalin yake sheƙi.

A yi masa adalci, aiki ya yi kyau. Ya shimfiɗa kwali a teburin Murjanatu, ya zare wuta, ya taɓa ƙarfe har sau uku kamar mai gaisuwa. Ya kafa ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe allon ta gefe kamar sabon jariri, ya dace alamar kusurwar furosesa da ta gurbinta, ya ɗiga mai daidai wake. Da ya juyo ƙarfen sanyayawa, sai ya ga wata siririyar leda a gindinsa, da jan rubutu a kanta. Ya shafa ta da yatsa, ransa ya yi fari.

Murjanatu ta leƙo. "Yaya, wannan ba cewa aka yi a ɓare ba?"

"Ke, tsaya a kan takardunki. Bar wa masu ƙarfe ƙarfensu."

Ya kifa shi da ledarsa, ya ɗaure.

Kwamfuta ta tashi, masu jiran a buga musu takarda suka yi kabbara. Minti goma, fanka ta fara kuka kamar jirgi zai tashi, sai ɗif. Aka kunna, ɗif. Aka sake, ɗif. Murjanatu ta buɗe baki, ya watsa mata harara, ta rufe. Hussaini mai shayi, wanda ba a yin komai a layin ba da shi ba, ya ce, "Injiniya, an yi maka sakiyar da ba ruwa."

Nan fa ƙeyar Munzali ta yi zafi. Ya ɗaure akwatin a bayan babur, wasu sun ce a minti huɗu ya isa Daura, ni dai na ce uku. Ya tsaya a ƙofar shagon ya ɗaga murya yadda har masu kai baƙi kallon rijiyar Kusugu sai da suka waiwayo.

"Jabu ka ba ni! Shekara ashirin, ashe kura ce da fatar akuya!"

"Malam Munzali, shigo ciki mu yi magana."

"A nan za a yi, kowa ya gani!"

Jama'a suka taru. Callistus ya fito. Ya ɗora akwatin a teburin waje, ya taɓa ƙarfe, ya kwance fanka, ya juyo gindinta wajensa. Ga ledar nan, zafi ya tamuke ta, mai ya caɓe a kanta bai kai ga ƙarfen ba. Ya ɗago ido ya dubi Munzali. Munzali kaɗai ne ya ga abin da babban yatsan Callistus ya ɓare, ya dunƙule a tafin hannu.

"Wata 'yar waya ce ta saki," in ji Callistus. "Yakan faru."

Ya goge, ya ɗiga sabon mai, ya mayar, ya jona. Kwamfuta ta yi awa guda ko tari ba ta yi ba. Jama'a suka watse suna ƙus-ƙus. Wani ya ce, "Ka ga yadda ya yi sauri ya ɓoye wani abu? Dama kayan nasu sai a hankali."

Munzali ya koma Sandamu a guje. Murjanatu ta ce, "Yaya, me ya ce?"

"Waya ce."

"To," ta ce. Wannan "to" ɗin ya fi mari zafi.

Kwana uku tuwon Zaituna yana komawa yadda ya zo. A rana ta uku Hussaini mai shayi ya dafa shi ya ce, "Gara da ka tona shi. Surukina ma ya fasa sayen batir a wajensa, ya ce gara ya je Kano." Munzali ya ajiye kofin shayin bai sha ba.

Washegari da hantsi, lokacin da layin shagon Callistus ya fi cika, ya tsaya daidai inda ya tsaya ran nan. Ya ɗaga murya kamar yadda ya ɗaga a wancan karon.

"Jama'a, ku dawo! Kayan Oga lafiyarsu ƙalau. Ni ne na bar leda a inda aka rubuta a cire. Ƙanwata ta faɗa mini na ƙi ji. Mutumin nan ya gani, ya rufa mini asiri, ni kuwa na bar shi da baƙin suna. Oga, ka yafe mini."

Sai wani ya ƙyalla ido ya ga babur ɗin a gefe, sanye da rigarsa ta shekara takwas, dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Munzali ya sunkuyar da kai, zufa tana ɗiga daga haɓarsa, da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Callistus ya ja durowa, ya ciro 'yar ledar a ninke, ya kama hannun Munzali ya sa masa.

"Na ajiye maka, abokina. Na san ba ka yar da leda."

Surukin Hussaini ya sayi batir ɗinsa a ranar. Ledar kuwa tana nan liƙe a tankin babur, Munzali da kansa ya manna ta. In ka tambaye shi ta mece ce, sai dai ya dubi ƙasa ya ta da babur.