Ba Laifi Har Bakin Ƙofa

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, soja na mulki, gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa a Sakkwato yana neman abu mai walƙiya ya saya. Ni a lokacin ina aiki wurin wani Alhaji mai odar kaya daga Ikko. Da farko a Kalambaina ya ajiye ni, ina lura da lodin siminti a motocinsa, in dawo gida fari fat har 'ya'yana su yi ta kallona kamar baƙo. Da ya ga ni mutum ne mai son tsari, sai ya ba ni tebur a shagonsa na cikin gari, ya ce ni ne shugaban talla. Teburin yana da ƙafa ɗaya gajera, amma nawa ne.

Damuwar gidan ita ce filas. Alhaji ya yi odar filas ɗin shayi, dogaye masu fure, masu ƙaramin baki, ya cika rabin sito da su. Ana saye, amma jefi-jefi. Ga lokacin sabuwar oda ya matso, jiragen ruwa kuma sun yi cunkoso a Ikko, abin da ka nema yau sai bayan watanni za ka gan shi. Alhaji ya kira ni ya ce in binciko masa ko a ƙaro irinsu, ko a sauya, ko a bar harkar.

"In ka faɗa mini daidai, teburin naka ne," in ji shi. "In ka ƙara cika mini sito, siminti na nan na jiranka."

Na zauna na yi tunani bi da bi. Na farko, ina bukatar wanda ya iya lissafi. Na biyu, ina bukatar wanda ya iya mutane. Na uku, kada su zama mutum ɗaya, don kada ya fi ni.

Na lissafin na same shi a wata firamare, mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, birori jere a aljihun rigarsa, kowa Ticha yake ce masa. Na mutanen kuwa wani dattijo ne daga Ƙofar Marke, tsohon dillalin atamfa, wanda ba ya iya wuce mutum a hanya bai tambaye shi lafiyar kakarsa ba. Shi kuma Dillali muke kiransa.

Na tura su dabam-dabam. Ticha ya ja layi a takarda, gida biyu: masu so da marasa so. Ya bi gidajen unguwar Gidan Igwai, ya dawo yana murmushi, ya ce kusan kowa na son filas ɗinmu, a ƙaro oda. Na tambaye shi abin da mutanen suka ce da bakinsu. Ya ce duk amsa ɗaya suka ba shi: ba laifi.

Dillali ya dawo bayan la'asar, bakinsa da maiƙo. Ya ba ni labarin wanda aka yi wa haihuwa, da wanda jakinsa ya mutu, da wanda ya sayi rediyo bai iya kashe ta ba. Filas ɗin da na ba shi don ya riƙa nunawa kuwa ya ba mai jego kyauta, wai ba ya iya shiga gidan suna hannu wofi. Na tambaye shi mutum nawa ke son kayanmu. Ya ce kowa da kowa. Da na tsare shi da ido sai ya ce ko kuma ba kowa, ya danganta.

Da ya ji abin da Ticha ya kawo, sai ya kama dariya har hularsa ta karkace.

"Ticha, ai ba laihi iri-iri na. Akwai gajere, mutum na duban kaya, wanga shi na so. Akwai mai tsawo, yana duban ƙasa, wanga ɗauki abinka. Akwai wanda ake yi da dariya, wanga kada ka koma gidan."

"Baba, lissafi bai san murya ba," in ji Ticha. "Kuma ku fara daidaita kalmar tukuna. Laifi ne ko laihi?"

Na buga tebur, ya karkata. Na ce gardama ba ta cikin tsarin aiki. Sai Ticha ya kawo shawara cewa in dai tsawo ne, ai ana iya auna shi da agogo. Wannan ta yi mini daɗi ƙwarai, domin duk abin da ake aunawa ina ganin girmansa. Na ba su babur ɗaya na ce su tafi tare, Dillali ya yi tambaya, Ticha ya auna.

Ba a je ko'ina ba aka fara kawo mini ƙara. Ticha ya ce Dillali na sakin hannu biyu a bayan babur yana gaisuwa, har sun shiga cikin tumakin wani. Dillali ya ce Ticha na zama a zauren mutane ya ƙura wa agogo ido kamar mai jiran jirgi. Masu gida suka ɗauka ko sauri yake yi, ko kuma gwamnati ce ta aiko shi, sai kowa ya riƙa gajarta amsarsa don a rabu lafiya. Da aka tara awon, sai ga shi duk ba laifin gajeru ne, wato kowa na son filas fiye da da. Sito kuwa yana nan yadda yake.

Abu guda Ticha ya tono daga cinikin shago wanda ya tsaya mini a rai. Ya ce filas ɗin shayin nan ba a sayensa da sanyi, sai da zafi, musamman gab da azumi. Na tambaye shi dalili, ya ce Sakkwatawa ne, ba a rasa su da abin mamaki. Dillali bai yi masa magana ba har washegari.

Da na ga ranar oda na matsowa, na fara jin ƙamshin siminti a hancina, sai na ce zan bi su da kaina. Muka je gidan wani tela da ya taɓa sayen kayanmu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, Dillali ya gaishe shi tun daga gajiya har zuwa keken ɗinki. Aka zo kan filas, tela ya ce ba laifi. Ticha ya duba agogo. Muka tashi.

Tela ya fito yi mana rakiya. Ticha ya yi gaba ya tayar da babur kamar yadda ya saba, wai don kada a ɓata lokaci. Ni da Dillali muka taho a hankali. Sai da muka kai bakin lungu, tela ya riƙe hannuna zai juya, sannan ya ce:

"Af, Malam, sai dai fa abin nan ya fashe. Matar maƙwabcina ta sayi firij tana saida ƙanƙara. Bakin abinku ƙarami na, sai an daka ƙanƙarar a turmi, a tura da gindin ludayi. Nan uwargida ta huda gilashin ciki."

Na ce ai na shayi ne. Ya dube ni da tausayi ya ce shayin mi, da wanga zafi.

Bayan ya koma, na tambayi Dillali ko ya taɓa jin irin wannan. Ya ce kullum, kusan duk gidan da aka raka shi. Na ce me ya hana shi gaya mini. Ya ce filas na tambaye shi, ban tambaye shi ƙanƙara ba. Ticha kuma yana can kan babur yana ta ba shi wuta, bai ji komai ba, kamar yadda bai taɓa ji ba.

A ranar na kafa doka, na sa suka maimaita ta a tsaye. Na farko, Dillali ne zai yi gaisuwa, amma ba zai ci abinci fiye da gida ɗaya ba. Na biyu, agogo da takarda su zauna a aljihu. Na uku, babu mai taɓa babur sai mai gida ya juya. Na huɗu, in an sha kwana, Dillali ya faɗi abin da ya biyo bayan "sai dai", Ticha ya rubuta shi a gidansa na takarda. Na biyar, kayan Alhaji ba kyautar suna ba ne.

Suka bi gari a haka. Dillali ya dawo yana rantsuwa kowa mai faɗin baki yake so, a zubar da sauran. Ticha ya shimfiɗa takardarsa ya ce ba kowa ba: masu jego da masu jinya a asibiti ruwan zafi suke ajiyewa, ƙaramin bakin ya fi musu. Dillali ya ce ai ya san da su, mantawa ya yi. Na je na gaya wa Alhaji a yi odar masu faɗin baki da yawa, na sito kuma a bar su ga masu jego, a daina kiransu na shayi.

Kayan suka iso ana saura kaɗan azumi. Kafin sallah babu ko ɗaya da ya rage. Alhaji ya zo shago, ya tara mu mu uku, ya dubi sito, ya ce, "Ba laifi."

Na ga Ticha ya saci kallon agogo. Dillali ya leƙa ya ga inda Alhaji ke duba, amma ranar baƙin tabarau ya sa. Na taso na raka shi. Muka wuce kanta, muka wuce ƙofa, muka kai jikin motarsa. Ya buɗe, ya sa ƙafa ɗaya, sannan ya juyo.

"Af, sai dai fa ka kira kafinta ya gyara ƙafar teburin can, tunda zama za ka yi."

Na koma ciki na tarar da su suna musu. Ticha ya ce gajere ne, agogo ya nuna. Dillali ya ce mai tsawo ne aka yanke. Na ce su bari, ɗaya ya ɗauko babur, ɗaya ya nemo kafinta, kuma kada a tsaya gaisuwa a hanya.