Da Muka Cike Kududdufin Bayan Gidanmu

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni malamar firamare ce, maigidana ya rasu, na dawo gidanmu na gado a Ƙofar Gayan ina zaune da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ina da baki, ba zan ɓoye ba, duk taron matan unguwa ni ce a gaba. Kuma ba abin da na tsana kamar kududdufin da ke bayan gidanmu. Sauro daga nan, wari daga nan, ga ledoji, ga kwaɗin da in suka fara kuka sai ka rantse biyansu ake yi.

Da labari ya zo cewa za a gyara unguwar, a cike ramin a yi wurin shaƙatawa, har da ɗan otal a gefe, ni na bi gida-gida ina roƙon mata su goyi baya. Inna ba ta hana ni ba. Ta dai ce da ƙasar ramin nan Babanmu ya buga tubalin ɗakinta, na yi dariya na ce to ai ramin ya gama aikinsa. Tifofi suka yi ta juye ƙasa, aka shimfiɗa siminti, aka dasa itatuwa, aka sa kujeru da lilo da fitilun sola. Gaskiya wuri ya yi kyau. Ranar buɗewa har guɗa na yi, na tura wa dangi hotuna ina ta fariya.

Ba wanda ya tambayi inda ruwan sama zai nufa, ni ma ban tambaya ba. Ashe tun kaka da kakanni duk kwatocin unguwa a ramin suke zubewa, ga shi cikon ya fi gidajenmu tudu. Da damina ta kankama sai ruwa ya riƙa dawowa yana kwanciya a gindin bangonmu. Na ga yaɓe yana zubewa, hankalina ya tashi, na roƙi Inna ta koma ɗakina na bulo. Ta ce ɗakin da ta haife mu a ciki ba zai ci amanarta ba. Na kai kuka wurin masu aikin, suka ce in yi haƙuri, magudana tana cikin kashi na biyu.

Wata Juma'a bayan la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina madafa na ji ƙara, na fito na tarar bangon bayan ɗakin Inna ya zauna, azara ta danne ta a ƙugu. Da hannu maƙwabta suka tono ta. Ta rayu, amma ba ta sake takawa ba. Yayana ya ɗauke ta zuwa gidansa a Tudun Wada, ita da ko kwana ba ta son yi a wajen ganuwa. Duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni ko an tayar da ɗakin, in ce an kusa. Alhali magini ya gaya mini ba amfanin gini tun da har yanzu ruwan yana kwanciya a wurin. Haka na yi ta ce mata an kusa har Allah Ya karɓi abarsa.

Ban ce gyara laifi ba ne, yarana ma suna zuwa lilon nan, kuma sauro ya ragu. Abin da ke damuna shi ne na tsani ramin shekara da shekaru ban taɓa tambayar aikin da yake yi mana ba. Don Allah 'yan'uwa, in aka zo gyara unguwarku ku yi murna, amma kafin tifar farko ta juye ƙasa ku sa a nuna muku hanyar ruwa. Ni na yi guɗa kafin in yi tambaya. Inna ta cika a ɗakin baƙi tana jiran nata, ni kuma ta gurbin bangonta nake hango fitilun da na yi wa guɗar.