Ɗigon Kawu a Gefen Takarda

Shekarar da nake rubuta kundin kammala karatuna a Yamai, malamina ya ba ni aiki a kan yadda irin wake ke yawo tsakanin manoma. Kowane manomi, namiji ko mace, ɗigo ne. In wani ya karɓi iri ko shawara a hannun wani, sai a ja kibiya daga mai nema zuwa mai bayarwa. In an zuba amsoshin a kwamfuta, ita ke shimfiɗa su kamar saƙar gizo: wanda ake yawan zuwa wurinsa ya kumbura a tsakiya, wanda ba a zuwa ya koma gefe.

Na zaɓi ƙauyen su mahaifiyata, kusa da Ɗan Kassari, don a can ba sai na nemi masauki ba. Kawuna, yayanta, shi ne shugaban ƙungiyar manoman garin. Mutum ne mai faɗa, amma ni bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya bar mini ɗakinsa, ya ba ni babur ɗinsa, ya zagaya da ni gida gida yana cewa, "Ɗan ƙanwata na, ku hwaɗa mishi gaskiya." Sannan ya koma waje ya bar ni da su. Ni kuma kowa na yi masa alkawari cewa sunansa ba zai fita ba, lamba zan sa.

Da na gama, na tafi Dogon Dutsi inda akwai wuta, na shigar da komai. Zanen ya fito da kyau har na dinga kiran abokai su gani. A tsakiya wata tsohuwa ce mai ajiye iri cikin toka, kibiyoyi sun yi mata rumfa. Can ƙasa a kusurwa akwai ɗigo guda, ba kibiyar da ta nufe shi. Kawu ne. Na gan shi, ba zan ce ban gani ba. Na ce wa kaina bincike bincike ne. Kuma da lambobi zanen bai burge ni ba, so nake mutane su ga kansu su yaba mini. Sai na sa aka buga shi a babbar takarda, da sunaye.

Ranar da zan nuna sakamakon, Kawu da kansa ya tara mutane da hantsi a wani aji na lakkwal, wato makarantar boko. Ya sa babbar riga, ya zauna a gaba. Na manna takardar a allo, na yi ta bayani ina haɗawa da Faransanci. Wani matashi mai shago ya taso ya fara karanta sunayen da ƙarfi. Da aka kira tsohuwar, mata suka yi guɗa, ta rufe fuska da mayafi.

Kawu ya yi murmushi ya ce, "To ɗana, ni ina nike?"

Da na yi shiru ma da ya fi. Na ɗora yatsa a kusurwar.

"Mi ya sa babu zare wurina?"

"Kawu, ma'anarsa ba wanda ya ce yana zuwa wurinka."

Haka na faɗa, da muryar da nake amsa tambayar malamai. Mutanen da suka amsa mini a asirce suka sunkuyar da kai, don yanzu ya san abin da kowannensu ya ce. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce ai mantuwa ce, amma ba wanda ya taya shi. Kawu ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce, "Madalla. Aiki ya yi kyau." Ya sa aka yi addu'a, aka watse.

A gida matarsa ta ajiye mini fura ba ta zauna ba. Na ce, "Inna, ban yi nufin haka ba." Ta ce, "Ya san ba a zuwa wurinshi. Abin da bai sani ba, kowa ya lura. Kai ka liƙa mishi shi ga allo."

Na kasa shan furar. Na so in je in durƙusa gabansa, amma ban san da wace kalma zan fara ba, sai na yi ta shirya kaya.

Washegari shi ya kai ni bakin kwalta a kan babur. Bai yi maganar ba, ni ma ban yi ba. Da mota ta zo ya ce, "Ka gaida uwarka."

A kundin na mai da lambobi, malamai suka yaba. Kafin damina ta gaba Kawu ya sauka daga shugabancin, ya ce gwiwoyinsa ne. Ina zuwa gaishe shi duk sallah, yana tambayata aiki, ina cewa lafiya lau. Har yau ban ba shi haƙuri ba.