Gawayin Totuwa da Tafkin Fakuwa

Muna yara, tafkin bayan gidanmu a Fakuwa jawur yake zama da damina, amma laka ce kawai. Mahaifiyarmu takan ƙona totuwar masara da ɓawon gyaɗa, ta daka gawayin, ta ƙulle a tsumma a bakin randa, ta tace mu sha. Yanzu ruwan bai kai na da ja ba, sai dai a bakinsa masu feshin ciyawa ke wanke tankunansu.

Da na dawo gida daga yawon ƙasashe da furfurata, na tarar da yayata ita kaɗai a gidan. Ƙafafunta ba sa kai ta famfo, tafkin take sha. 'Yarta ta matsa ta koma wurinta a Kankiya, ita kuwa ta ce a ɗakin da aka haife ta za ta mutu.

Na ce zan gyara ruwan. A Kumasi na ga ana tacewa da gawayin ɓawon kwakwa, a Maraɗi da ƙwayar zogale. Na huda tsohuwar tukunya, na jera tsakuwa, yashi, sannan gawayin totuwa. Ruwa ya ɗigo garau.

"Malam mai yaruka," in ji ta, "da wane yare ka lallashe shi?"

"Yaya, ki sha kawai."

"Kai dai ka fara."

Na kai hannu, amma ba ta bari na sha ba. Ta ɗingisa zuwa kududdufin gindin rumbu, inda feshi ba ya kaiwa, ta kamfato talibambam biyar, ta zuba su a ƙwaryar ruwan da na tace. Kafin la'asar duk sun juya ciki sama.

Na sake gawayi. Na je har Kusada na ɗebo ɓuntun shinkafa na ƙona, na ninka kaurinsa. Wannan karon, cikin wasu biyar da ta zuba, uku suka mutu, biyu suna motsi da ƙyar.

Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. "To, ƙanena, in sha ko in bari?"

Na san kalmar ruwa a harsuna biyar. Ban san abin da ya rage a cikin wannan ba, ba ni kuma da abin aunawa. 

Bayan sati guda 'yarta ta turo mota. Ni na kife randar mahaifiyarmu da hannuna. Yayata ba ta sake zama a Fakuwa ba, kuma babu ɗan gidanmu da ya ƙara shan ruwan tafkin.